Yana kallo amma bai gani ba: yadda za ku taimaki ganin mai cutar mantuwa

Mai cutar mantuwa zai iya zama a gaban likitan ido ya karanto haruffan allon gwaji har layin ƙasa, a ce masa idonsa garau yake, ya dawo gida ya kasa samun kofin da ke gabansa a kan tebur. Idon yana aiki. Inda tangarɗar take shi ne sashen ƙwaƙwalwa da ke tura ido wurin da ya kamata ya sauka, da sashen da ke tsamo abu ɗaya daga tarin abubuwan da ke gaban mutum. Masu jinya da yawa ba a taɓa yi musu wannan bayani ba, shi ya sa za ku ji ana cewa tsohon ya cika taurin kai, ko ya daina son abinci, ko da gangan yake yi don a wahala. Irin wannan magana tana yi mini ciwo, domin wanda ake faɗa wa haka iya ƙoƙarinsa yake yi.

Mahaifina tela ne. Shi ne mutumin da ke zura zare a kafar allura ba tabarau, ya hango ɗinkin da ya karkace tun daga bakin ƙofa. Likitoci sun tabbatar yana da cutar Alzheimer, wadda nau'i ce ta cutar mantuwa, kuma ni ce ke jinyarsa. Abin da zan rubuta a nan na tattaro shi ne daga bakin likitocinsa, da karatu, da zaman da nake yi ina fuskantarsa ina lura da inda idonsa ke zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu cutar mantuwa sun haura miliyan 55, kusan miliyan 10 ke ƙaruwa duk shekara, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 Alzheimer ce ke damun su. Kusan kowannensu yana da mai jinya irina, wanda zai ajiye faranti ya dawo ya tarar ba a taɓa ba, ya rasa dalili.

Abin da ido ke yi ba da saninmu ba

Ku miƙe hannunku sosai ku dubi farcen babban yatsa. Iyakar wurin da ido ke gani tar a lokaci guda ke nan, faɗin da bai wuce digiri 2 ba. Duk abin da ke gefen wannan dishi-dishi ne. Abin da ya sa muke jin muna ganin ɗaki gaba ɗaya shi ne ido ba ya zama wuri guda: yana tsalle sau 3 zuwa 4 a kowace daƙiƙa, ya ɗan tsaya ya ɗauki abin da ke nan, ya sake tsalle. Tsoka 6 ce ke juya kowace ƙwayar ido, amma ba su ke zaɓen inda za a nufa ba. Da a ce Baba zan yi wa bayanin lokacin da yake da lafiya, sai in ce masa ɗinkin hannu ne: allura ta soka nan, ta tsallaka ta soka can, zare ya haɗe su su zama abu ɗaya. Ƙwaƙwalwa ce zaren, ita ce kuma hannun da ke riƙe da allurar.

Saƙon da ido ya ɗauko yana fara isa sashen ƙwaƙwalwa da ke ƙeya, daga nan ya rabu hanya biyu, kamar yadda masu bincike Leslie Ungerleider da Mortimer Mishkin suka bayyana a 1982. Hanya ɗaya ta gangara wajen kunnuwa, ita ke cewa wannan kofi ne, waccan fuskar 'yarka ce. Ɗayar ta haura tsakar ka, ita ke cewa ga inda kofin yake, ga nisansa, ga inda hannu zai bi ya ɗauko. Sai kuma sashen goshi, wanda ke hana ido bin duk abin da ya gifta. Cutar mantuwa tana iya cin kowanne daga cikin ukun nan, kuma wanda ta fi ci shi ke nuna irin matsalar da za ku tarar a gida.

Idon mai lafiya yakan ɗauki kusan kashi 1 cikin 5 na daƙiƙa kafin ya zabura zuwa sabon abu. Na mai cutar yakan fi haka jinkiri, tsallen kuma ya gaza isa, sai ya ƙara wani. Bin abin da ke tafiya, mota ko yaro mai gudu, ya daina zama sumul ya koma guntu-guntu. Idan idon ya kafe a kan abu, ciro shi ya zama aiki. Fagen da hankali ke iya ɗauka lokaci guda ya tsuke, launuka masu kama da juna su narke cikin juna.

Akwai kuma kasa kau da ido. A 1978 wani mai bincike a Kanada, Peter Hallett, ya fito da gwaji mai sauƙin faɗa: idan ɗigon haske ya bayyana a dama, ka kalli hagu. Mai lafiya ma yakan zarce wajen hasken jefi-jefi, amma nan take yake gyarawa. Trevor Crawford da abokan aikinsa a Jami'ar Lancaster ta Ingila sun nuna masu Alzheimer sun fi yawan zarcewa, kuma sau da yawa ba sa gyarawa. Da na'urar bin diddigin ido ake yin irin wannan awo, a ɗakin bincike. Kada ku gwada shi a gida ku yanke wa wani hukunci, kada kuma ku yarda da manhajar wayar da ta ce za ta gano cutar daga ido kaɗai. Amfaninsa ga mai jinya ɗaya ne: ku san idon majinyacinku zai tafi ga duk abin da ya fi motsi, ya fi haske, ko ya fi fitowa fili, ko yana so ko ba ya so. Rabin dabarun da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

Ku fara da likitan ido

Ko da kun tabbata ƙwaƙwalwa ce, ku fara kawar da abin da ke kawaruwa. Tsufa yana zuwa da yanar ido, da hawan jinin ido, da lalacewar tsakiyar tantanin gani, ga kuma illar ciwon suga. Mai cutar mantuwa ba lallai ya ce ganinsa ya ragu ba, ƙila bai ma lura ba. Ƙwaƙwalwar da ke fama da kanta, idan hoton da ke zuwar mata ma dushe yake, nauyin ya zama biyu. A 2024 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya saka raunin ganin da ba a yi wa magani ba cikin abubuwa 14 da ke ƙara haɗarin cutar waɗanda ake iya gyarawa. Wani bincike a Amurka da ya bi tsofaffi sama da 3,000 masu yanar ido ya gano waɗanda aka yi wa aiki haɗarinsu na kamuwa da cutar ya yi ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100. Binciken lura ne kawai, bai tabbatar aikin ne ya kare su ba, amma ya isa ya hana mu cewa tsoho ne, a bar shi haka.

Ku faɗa tun wajen karɓar kati cewa yana da cutar mantuwa. Ku zaɓi lokacin da hankalinsa ya fi kwanciya, ku shiga tare, ku riƙe tsohon tabaraunsa da duk magungunan da yake sha, domin wasu, irin tsofaffin magungunan ƙaiƙayi da mura masu sa barci da wasu na riƙe fitsari, suna dusashe gani su ƙara ruɗewa. Tambayar nan ta "wanne ya fi, wannan ko wancan?" tana rikita Baba ƙwarai. Likita zai iya auna ƙarfin gilashi ta hanyar haska ido ba sai an ba shi amsa ba, zai iya nuna harafi ɗaya tal maimakon allo guda, kuma duba bayan ido da auna matsinsa ba sa buƙatar magana. Ku roƙi a yi haka. A gida kuma ku goge tabaraun kowace safiya, don shi ba zai ce ya yi datti ba. Idan gilashin mai hawa biyu ne, na nesa a sama na karatu a ƙasa, ku tuna ɓangaren ƙasan yana dusashe matakala, kuma an san yana ƙara faɗuwa ga tsofaffi.

Idan likitan ido ya ce komai lafiya amma mutum na ci gaba da ɓata layin karatu, yana cin karo da bakin ƙofa, yana kasa ajiye mota daidai, ku nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa, musamman idan shekarunsa tsakanin 50 da 65 ne kuma tunaninsa bai taɓu sosai ba. Akwai nau'in da ke fara cin bayan ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira PCA. Wani likita, Frank Benson, ya bayyana shi a 1988, kuma wannan nau'in ne marubucin nan na Ingila Terry Pratchett ya sanar yana ɗauke da shi a 2007. Masu shi sukan yi ta sauya tabarau ba sauƙi. Wani zai karanta ƙananan rubutu ya kasa karanta babban kanun jarida, wani ya ga hanci, ya ga ido, ya kasa haɗa su su zama fuska.

Ku zauna ku lura

Ku zauna kuna fuskantarsa, ba a gefensa ba, lokacin cin abinci ko sa tufafi. Idonsa za ku kalla, ba hannunsa ba. Ina ya fara sauka? Yana barin rabin farantin, kuma kullum ɓangare ɗaya ne? Hannu yana wuce kofi ko yana tsayawa kafin ya isa? Kai gaba ɗaya yake juyawa maimakon ido? Da safe ne abin ya fi ko da yamma? Ku rubuta a ɗan littafi da rana da lokaci. Idan ya amince ku ɗauki gajeren bidiyo da waya, domin likita ɗan lokaci kaɗan yake ganinsa, kuma majinyaci yakan tattaro duk ƙarfinsa a gaban baƙo har a ɗauka ba abin da ke damunsa.

Ku lura musamman da kallon sama da ƙasa. Idan ido na zuwa dama da hagu lafiya amma yana nauyin sauka ƙasa, abinci na zuba a gaban riga, yana tuntuɓe a matakala, yana faɗuwa ta baya, wannan labari ne da likita ke buƙatar ji da wuri. Yana iya zama alamar wata cutar ƙwaƙwalwa da ake kira PSP, wadda likitoci uku a Toronto, Steele da Richardson da Olszewski, suka bayyana a 1964. Mai irinta ɗaga masa faranti da littafi ake yi zuwa kusa da saitin ido.

Abu ɗaya nake roƙo: kada lura ta zama jarrabawa. "Baba, mene ne wannan? Wace ce ni?" ba ta ƙara muku sanin komai, kunya kawai take ba shi, kuma kunyar takan daɗe a zuciyarsa bayan ya manta tambayar.

Gyaran mu'amala da gyaran gida

Ku zo masa ta gaba. Wanda fagen hankalinsa ya tsuke, idan aka dafa shi ta baya ko aka miƙo cokali ta gefe, a wurinsa abin daga sama ya faɗo, dole ya firgita ko ya doke hannun. Ku sauko daidai tsayin idonsa, ku kira shi, ku faɗi ko ku wane ne, sannan ku jira. Nakan ƙirga goma a zuci kafin in ƙara wata magana, kuma sau da yawa a cikin wannan shirun ne nake ganin idonsa ya lalubo fuskata ya tsaya. Kada taga ta kasance a bayanku, don fuskarku za ta zama baƙar inuwa.

"Ga shi can" ba ta aiki. Idan na nuna da yatsa, yatsan Baba ke kallo, domin shi ne ke motsi. Sai in kai hannu kan kofin in ƙwanƙwasa shi da farce. Ƙara da motsi sun taru wuri guda, idon ya zo da kansa. Idan hakan bai yi ba, in sa masa kofin a hannu, hannu ya gaya wa ƙwaƙwalwa abin da ido ya kasa gaya mata.

A kan tebur ne na fi ganin bambanci. Muna da ƙyallen tebur mai zanen furanni. Baba zai zauna abinci na gabansa, ya sa yatsu biyu yana ƙoƙarin tsinto furannin ɗaya bayan ɗaya, yana tara su a tafin hannu, cokalin kuwa ya ɓace cikin zanen ɗungurungum. Da aka shimfiɗa ƙyalle mai launi ɗaya, aka bar faranti ɗaya, cokali ɗaya, kofi ɗaya, aka kashe talabijin, sai ya koma ci da kansa. Masu bincike a Jami'ar Boston sun gwada abu makamancin haka a 2004 da maza 9 da Alzheimer ta yi nisa a jikinsu: da aka sauya musu fararen faranti da kofuna da jajaye masu haske, cin abincinsu ya ƙaru da kashi 25 cikin 100, shan abin sha kuma da kashi 84. Mutum 9 ba su da yawa, kuma sirrin ba a jan launi yake ba, don shuɗi mai ƙarfi ma ya yi aiki. Abin nema shi ne abinci ya bambanta da faranti, faranti ya bambanta da tebur. Farin abinci a farin faranti ɓacewa yake, haka ruwa a kofin gilashi. Idan kullum ɓangare ɗaya yake ci, ku juya masa farantin a hankali ba tare da kun ce komai ba. Ku ci naku kuna fuskantarsa, sau da yawa ganin hannunku na kai-komo yakan tayar da nasa.

Haske kuwa, wanda ke isa bayan idon ɗan shekara 60 bai fi kashi 1 cikin 3 na wanda ke isa na ɗan shekara 20 ba. Ɗakin da ya yi muku daidai duhu ne a wurinsa. Ku ƙara haske, amma ya watsu ko'ina daidai, domin ƙwan lantarki ɗaya tsirara yana kashe ido ya kuma jefa inuwa mai kauri a kusurwoyi. Ku kunna fitilu tun kafin rana ta faɗi, ku ja labule, don gilashin taga da dare madubi yake zama, ya riƙa nuna masa mutane na yawo a waje. Hanyar banɗaki ta kwana da haske. Idan kun shigo da shi daga rana, ku tsaya a bakin ƙofa idonsa ya saba tukuna.

Sai ƙasa. Akwai baƙar tabarmar goge ƙafa a bakin banɗakinmu. Wata rana Baba ya isa wurin ya tsaya cak, ya riƙe bango.

Na ce, "Baba, mu ƙarasa mana."

Ya ce, "Ke 'yar nan, ja baya, rami ne."

Ya miƙo hannu ya tare ni don kada in faɗa. Na sunkuya na naɗe tabarmar yana kallo, ya ƙura wa wurin ido, sannan ya wuce abinsa. Baƙin abu a kan farin daɓe rami ne a idonsa, tayil mai ƙyalli ruwa ne da ya zube, inda launin daɓe ya sauya kuma matakala ce, sai ya ɗaga ƙafa ya taka iska. Don haka daɓe ya zama launi ɗaya marar ƙyalli, a kwashe ƙananan shimfiɗu. Inda akwai matakala ta gaske, nan ne za a ja layin fenti mai fitowa a bakin kowace, a sa abin riƙewa. Mazaunin masai ya zama mai launi idan bango da daɓe farare ne. Ƙofar banɗaki a bar ta a buɗe ko a manna mata hoto, ƙasa-ƙasa kaɗan, don tsofaffi da yawa ƙasa suke kallo in suna tafiya. Abin da ba ku so ya taɓa, kamar kabad ɗin magani, ku sa shi ya saje da bango. Na san wasu na ajiye baƙar tabarma da gangan a ƙofar fita don su hana majinyaci fita. Ni ban yarda da wannan ba. Tsoron da ya kama Baba a bakin banɗaki na gaske ne, ba zan dasa masa shi da hannuna ba.

Wajen sa tufafi ku shimfiɗa riguna biyu kawai a kan zanen gado mai launi ɗaya ya zaɓa. Wajen karatu ku yanka 'yar taga a kwali ta yadda layi ɗaya kaɗai zai fito, don cunkoson haruffa ne ke rikita shi fiye da ƙanƙantarsu. Idan ya gagara, ku karanta masa ko ku kunna masa sauti. Kuma kada ku raba shi da sana'arsa saboda ido. Nakan zura wa Baba baƙin zare mai kauri a babbar allura marar tsini, in ba shi farin ƙyalle ba zane. Layin ba ya miƙewa kamar da, amma yadda yake kama bakin ƙyalle ya ninke da babban yatsa bai canza ba, kuma yakan daɗe a kai hankalinsa kwance.

Idan yana gane-gane

Kafin ku ce gane-gane ne, ku je ku zauna inda yake zaune, a tsayinsa, a irin hasken, ku kalli inda yake kallo. Mutumin da Baba ya ce yana tsaye a bayan ƙofa da yamma, riga ce da aka rataye. Fuskar da ke jikin labule ninkin ƙyalle ne. Baƙon da ya ƙi gaishe shi a banɗaki madubi ne, sai muka rufe shi da tawul. Irin waɗannan kuskuren fahimta ne, cire abin ko ƙara haske yakan kashe maganar.

Gane-gane na gaske daban ne, babu komai a wurin amma yana ganin mutane, ko yara, ko dabbobi, tsaf da kamanninsu, galibi ba sa magana. An fi samun wannan a nau'in cutar da ake kira Lewy, inda yakan kai 8 cikin 10 na majinyata, tare da hankalin da ke zuwa yana tafiya a yini guda, da taurin jiki irin na cutar Parkinson mai sa rawar hannu. Kada ku yi musu, kada kuma ku ce kun gani. Abin da na ga ya fi kwantar da hankali shi ne, "Ni ban gan shi ba, Baba, amma na ga ranka ya ɓaci. Zo mu koma ɗayan ɗakin." Idan abin da yake gani ba ya tsorata shi, ba dole sai an kore shi ba. Amma a gaya wa likita, domin masu nau'in Lewy magungunan taɓin hankali irin su haloperidol suna iya yi musu mummunar illa har ta kai ga rasa rai. Kada wani ya sayo masa maganin barci ko na kwantar da hankali da kansa. Ku kuma sani raunin gani kaɗai, ba tare da cutar mantuwa ba, yana iya kawo gane-gane. Charles Bonnet ya rubuta haka game da kakansa tun 1760, wanda dalili ne na sake komawa wurin likitan ido.

Titi da tuƙi

Tsallaka titi yana buƙatar duk abubuwan da cutar ke ɓatawa a lokaci guda: bin abin da ke gudu, auna nisa, raba hankali dama da hagu. Ku tsaya ta ɓangaren da motoci ke zuwa, ya riƙe gwiwar hannunku, ku riƙa faɗa masa abin da ke gaba kafin a isa. Tuƙi kuwa, cin gwajin allon haruffa ba ya nuna zai hango yaron da ya fito ta gefe. Idan kun fara ganin ƙuje-ƙuje a jikin mota, ko ɓata a hanyar da ya sani, ko jinkirin taka birki, ku kai maganar gaban likita a yi ta yana zaune. Karɓe masa makulli abu ne mai ɗaci, ku tanadi wanda zai riƙa kai shi inda ya saba zuwa tun kafin a yi maganar.

Abin da ba ya jira

Cutar mantuwa tafiyar watanni da shekaru take yi. Duk canjin da ya zo cikin awanni ko kwana ɗaya, kada ku ɗora mata. Idan kwatsam rabin ganinsa ya ɗauke, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko fatar ido ta sauko, ko baki ya karkace, ko ya daina kula da ɓangare ɗaya na jikinsa, yana iya zama shanyewar ɓarin jiki. Ido ja mai tsananin ciwo tare da amai, ko walƙiya da wata inuwa da ke saukowa ta rufe gani, matsalar ido ce da ke makantarwa idan aka yi jinkiri. Ruɗewa da gane-ganen da suka tashi farat ɗaya sau da yawa daga zazzaɓi suke, ko ƙwayoyin cuta a mafitsara ko huhu, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko sabon magani, kuma suna warkewa idan an magance tushen. Duk waɗannan asibiti ake nufa nan take, ko da tsakar dare ne. Ku ɗauki magungunansa da ɗan littafin da kuke rubutu a ciki, ku kuma riƙe lokacin ƙarshe da kuka gan shi yadda ya saba, domin allurar da ke narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa galibi cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta, kuma wannan lokacin ne likita zai fara tambayar ku.